Tarcisio Puntel, Mai Kula da Hanyar Ravinal

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, ƙararrawar cocin Avaris ta yi irin kaɗawar nan mai jinkiri da kowane ɗan garin ya san ma'anarta. Ina bayan gidanmu ina faskare, sai matata Nives ta leƙo ta ce, "Ermes, ajiye gatarin nan. Tarcisio ne." Allah ya yi masa rasuwa a gidansa yana da shekara saba'in da tara, bayan ciwon huhu da ya daɗe yana cinsa.

Tarcisio, ni direban bas ne, kai kuwa shugaban ma'aikatan hanya, don haka rabin rayuwata a kan aikin hannunka na yi ta. Kullum sai na hau da mutane daga Avaris, na bi kwana-kwanan nan da suka nannaɗe dutse har mashigin Ravinal, na gangara Plandel. Sojoji ne suka sare hanyar a yaƙin duniya na farko, kuma kakarka tana cikin matan da suka riƙa goyon yashi da abinci a kwando suna kai musu. Mahaifinka ya yi gyaranta da diga da shebur. Kai ka zo a zamanin kwalta da katafila, amma ban taɓa jin ka kira ta hanyar gwamnati ba. Hanyar kakata, haka kake cewa.

Idan dusar ƙanƙara ta sauka, kafin in tayar da bas ka riga ka share ka zuba gishiri. Aikinka ya tsaya a bakin dandalin Plandel, amma sai ka zarce da motar sharar har ƙofar tsohuwa Gjudite, wadda 'ya'yanta duk suka tafi Jamus, ka tsaya ta ba ka kofi tana yi maka faɗan ka makara. Masu keke da sanyi ya kama a ƙwanƙolin dutse kuwa, ba wanda ya san adadin waɗanda suka ci tuwon masara da cuku a bukkarka ta aiki da ke can.

Ba zan manta da ranar auren 'yata Dorina ba. Ango ɗan Plandel ne, ɗaurin aure kuma a Avaris. An yi kwanaki ana zuba ƙanƙara, sai aka wayi gari da iska mai ɗumi. Ka sauke sandar rufe hanya. Na hau na same ka tsaye, hannu a aljihu.

Na ce, "Haba ɗan'uwa, ango yana bayan dutse da danginsa kaf. Ɗaga musu su wuce, sai ka sake rufewa."

Ka ce, "Ermes, ka ji iskar nan? Abin da ke can sama ya jiƙe, jira kawai yake yi. Ni na riƙe Dorina ranar baftismarta. Gara ta zage ni tana amarya da ta gode mini tana takaba."

Ango ya zagaya ta kwari, ya iso da yamma liƙis, kwat ɗinsa ya yamutse, abinci ya huce, limamin coci har ya yi gyangyaɗi. Ƙanƙarar kuwa ba ta zaftaro ba, ko ranar ko a makon. Har ƙarshen hunturu, da ka shiga shagon kofi sai ka ji an ce, "Ga annabin ƙanƙara! Yau me dutse ya gaya maka?" Kai kuma ka ce, "Ya ce in gaishe ku, tunda kuna da ran amsawa." Mu manya mun san cewa a wannan gangaren ne, a rana irin wannan, aka bar hanya a buɗe saboda kasuwar shanu, ƙanƙara ta binne ƙanenka Gelindo, kuma kai ka tono shi da hannunka. Ko sau ɗaya ba ka kawo sunansa don ka kare kanka ba. Washegarin biki Dorina da kanta ta kai maka kek har bukka.

Shekarar da ruwa ya zaftare ƙasa ya tafi da babban kwana na ƙasan mashigi, aka soma maganar a bar hanyar kawai, a sauko da tsofaffin Plandel cikin kwari. Gjudite ta ce sai dai a sauko da gawarta. Ba ka yi wa kowa ihu ba. Ka tara magina da suka yi ritaya daga garuruwan biyu, ka je ka zauna da matashiyar injiniyar da aka turo, ta zana muku katanga, kuka ɗora dutse kan dutse yadda ta ce. Kafin sanyi ya dawo na sake hawa da bas, tsofaffin Plandel suka ci gaba da kwana a ɗakunansu.

A watan Oktoban da ya wuce ka ce in kai ka saman dutse. Numfashinka ya riga ya yi ƙaranci. Muna tafe a hankali kana kallon itatuwa da suka yi jawur. Can ka buga mini cinya ka ce in tsaya. Ganye ne ya toshe bakin wani kwalbati. Ka yi ƙoƙarin sunkuyawa, abin ya gagara, sai ni na durƙusa na zura hannu cikin ruwan sanyi, kai kana jingine da mota kana ba da umarni.

"Ƙasa-ƙasa, direba. Shekara da shekaru kana zaune a kujera, yau dai ka taɓa hanya."

Da ruwan ya samu mafita ya soma gudu, ka daɗe kana saurarensa. Sannan ka ce, "To, madalla. Mu koma gida." Ba ka sake hawa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Onorina, da 'ya'yanka Walter da Ilva, da jikokinka, da abokan aikinka, da mutanen Avaris da Plandel baki ɗaya. Allah ya ba su haƙuri da juriya. Kai kuma abokina, Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutu madawwami. Ka kai dubban mutane gida lafiya, waɗanda ko sunanka ba su sani ba. Allah da ya san shi, ya karɓe ka da hannu biyu. Amin.