Ƙafar Yaya da Malamar Motsa Jiki

Shekara ta uku da soja suka koma bariki, mijin Yayata ya samu kwangila, ita kuma ta samu ciwon suga. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ta ba ni shekara shida. Ni na raka ta asibiti, don ni ce na iya karanta takardar magani. Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina ratsa Ƙofar Marusa da jakar littattafai mata na leƙe ta soro suna dariya. Yaya ba ta shiga ba. Ta ce ita ba za ta zauna a benci da furfura ba.

Likita bai ɓoye mata komai ba. Ya ce, "Hajiya, magani rabi ne, sauran rabin tafiya ce. Kullum ki taka ƙasa har ki yi gumi. Ciwon nan in aka yi masa sake, ƙafa yake fara ci."

Tun a mota ta ce da ni, "Kin ji shi fa. Ni zan riƙa yawo a titi kamar mai tallan nono?"

Alhaji, mijinta, mutum ne da ya yarda babu abin da ba a sayowa. Cikin mako guda ya samo wata malama da ta yi karatun wasanni a kwaleji, tana bin gidajen manya tana koya wa mata motsa jiki, ana biyanta duk wata. Sau uku a mako take zuwa gidansu a Kambarawa, bayan la'asar, da rediyonta mai kaset. Maƙwabta suka ji labari, mata biyar suka shigo. Aka ture kujerun falo.

To, mu dai baƙo ba ya fita gidanmu baki bushe. Ranar farko Yaya ta sa aka kawo zoɓo, don malama ta jiƙa maƙoshi. Mako na biyu wata Hajiya ta ce ai ba za a bar wa uwar gida nauyi ita kaɗai ba, ta zo da alkaki. Wadda ke bi mata ta ga an fi ta, ta zo da dambun nama da lemon kwalba. Kafin wata biyu an tsara layi, kowa da ranarta, kuma ba wadda ke son a ce nata ya kasa.

Na sha zama ina kallo. Gaisuwa kaɗai ta cinye rabin lokaci: ina gajiya, ina Alhaji, ina yara, ya jikin Inna. Sannan a kunna kaset, a ɗaga hannu sama awarwaro na ƙara, a sunkuya sau uku, wata ta ce wayyo ƙuguna, a yi dariya, a zauna a buɗe kula. Ni ma na ci, ba zan yi ƙarya ba. Alkakin da daɗi.

Wata rana na tare malamar a soro. Na ce, "Malama, tsakaninki da Allah, wannan aiki ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Mama, na faɗa musu. In na matsa, gobe ba mai kirana."

"To faɗa wa Alhaji."

"Shi cewa ya yi kada in wahalar masa da mata."

Ni a lokacin hawan jini ke damuna, ba kuwa mai ɗauko mini malama. Da an sallame asuba nake zura takalmin roba in yafa mayafi, daga Ƙofar Marusa har Kambarawa, in juyo. Wanda zai yi magana ya yi. Na riga na shanye dariyar garin nan tun zamanin jakar littattafai. Na yi ta yi wa Yaya naci har ta yarda ta bi ni sau ɗaya.

Ba mu yi nisa ba mota ta tsaya. "Subhanallahi, Hajiya, ke ce a ƙasa? Ku shigo mana!" Muka ce mun gode. Wata ta sake tsayawa, sannan wani ɗan acaɓa da ya san gidan. Duk da haka ranar Yaya ta yi gumi na gaske, har ta ce jikinta ya yi sakayau. Da yamma sai ga matar ƙanin Alhaji, fuska cike da jimami.

"Hajiya, an ce an gan ki a ƙasa. Mi ya faru? Ko motar ce aka sayar? In wani abu ne a faɗa mana, ai mu ba bare ba ne."

Maganar ta kai kunnen Alhaji. Ya ce, "So kike a ce na karye? Ba ga malama nan ina biya ba?" Ni kuma ya aiko mini cewa in daina ja masa mata titi. Na je har gidan na ce da Yaya, "Ƙafarki ce ko tasa?" Ta ce, "Ke dai ba ki da kunya tun kina yarinya." Na ce haka ne.

Aji ya ci gaba har shekara biyu. Yaya tana gaya wa likita tana motsa jiki sau uku a mako, kuma a ganinta gaskiya take faɗa. Sai ɗan ƙurji ya fito mata a babban yatsa, ya ƙi warkewa. Aka yanke yatsan. Bayan wata huɗu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, ni na karanta mata takardar kafin ta dangwala hannu.

'Yan ajin nan duk sun zo dubiya, har da matar ƙanin Alhaji. Kowacce da katan ɗin lemo. Na tsaya a ƙofar ɗakin na ce su koma da kayansu, har yau wasu ba sa gaishe ni.

Da aka sallame ta Alhaji ya sayo keken guragu, mai tsada. Ni nake zuwa da safe in tura ta mu zaga unguwa ta sha iska. Ba motar da ta ƙara tsaya mana. Sai dai a rage gudu, a ce sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi, a wuce.