Wadda Take Bakin Hoto

Har gobe ban manta da ranar da na ji ƙirrr ɗin na'urar faifai a falona ba, alhali ba ni na taɓa ta ba. Na fito daga madafa da ludayi a hannu, sai ga Gwaggo Tabawa, maƙwabciyarmu, ta zauna ta sa faifan bikin 'yar ƙaninta Bilki da kanta.

A lokacin nan, maigidana, Baban Ummi, shi yake ɗaukar bidiyon biki a Haɗeja da kewaye, ni kuma in zuba a faifai a gida. Ku 'yan matan da kuke wannan aiki a waya yanzu ba ku san wannan ciwon kai ba. Sabuwar kyamararsa hoto mai faɗi take ɗauka, talabijin ɗin mutane kuwa kusan murabba'i ne. Hanya uku ce: ko a bar hoton yadda yake, baƙi ya rage sama da ƙasa, ko a matse shi, mutane su zama dogaye sirara, ko a yanke gefe da gefe ya cika allo. Ni ta farko na bi.

"Maman Ummi," in ji Gwaggo, "kuɗin cikakken biki muka biya, ko na rabi? Sama duhu, ƙasa duhu, sai ka ce muna leƙe ta ƙasan ƙofa!"

Na gwada mata matsattsen. Gwaggo mace ce mai jiki, Allah ya ƙara lafiya. Da ta ga kanta ta koma siririya, sai ta gyara zama. "Yauwa, ga ni nan sak." Amma da ango ya shigo kamar gorar tuƙa kwalekwale, ita kanta ta ce a'a. Baban Ummi ya ce, "Yanke gefen kawai, ai bango ne da tukwane." Na yanke, aka kai wa amarya can gidanta a garin Guri.

Ba a jima ba Bilki ta zo ganin gida, ta biyo ta wajena da ƙanwarta Hafsa, 'yar shekara shida. Bayan gaisuwa ta sunkuyar da kai. "Anti, na kalla har faifan ya fara sarƙewa. Ban ga Inna ba ko sau ɗaya."

Bilki 'yar fari ce, kuma kun san uwa ba ta shiga tsakiyar bikin 'yar fari, ko sunanta ba ta kira. Ashe duk yinin mahaifiyar tata tana can wajen tukwanen nan da muka ce bango ne.

Allah ya taimaka ban goge na asali ba. Na sake zubawa da baƙinsa sama da ƙasa. Tun daga ranar ban ƙara yanke gefe ba, ko wa zai yi ƙorafi, don a bikinmu masu rawa ne a tsakiya, masu amaryar suna baki-baki.

Muka kunna. Ga Inna a can ƙarshen hagu, ana fita da amarya, ta juya wa mutane baya tana danna gefen mayafi a ido. Bilki ta dafe baki. Hafsa ta matso dab da allo, ta daɗe tana kallo, sannan ta waiwayo gare ni.

"Anti, Inna fa cewa ta yi hayaƙi ne ya shiga idonta. To ai ga shi an kashe wutar."