Alhamis ɗin da Kaka ta biyo mu gona

Har yau idan na ji ƙamshin lakar da kogi ya janye ya bari, sai in ga kaina ina aji huɗu a makarantar unguwarmu ta Aljirif, takalmana a hannu, muna gangarawa gaɓa a bayan sabon malaminmu.

Ustaz muke ce masa. Saurayi ne dogo mai yawan fara'a. Duk Alhamis, tun da ruwan ambaliya ya janye, yakan fitar da mu daga aji, mu ratsa hayaƙin masu gasa bulo, mu sauka gonakin bakin ruwa. Ya kafa sanda a gaɓa muna duba yadda kogin ke ja da baya. Ya sa muka shuka wake a yashi da kuma a laka, mu ga wanda zai riga tsirowa. Ban taɓa son makaranta kamar a lokacin ba.

Kakata ce hankalinta bai kwanta ba. Ta tashi tana tsinkar auduga a gonakin yankin Jazira, bayanta ya ranƙwafa tun ba ta tsufa ba, kuma ba ta yarda an dawo birni ba sai don jikokinta su riƙe alƙalami. Idan na dawo da laka a jikin tufafina, sai ta kama hannuna ta juya tafin, ta daɗe tana kallo. Babana, wanda ke ɗinki a Kasuwar Umdurman, ya ce mata sabon salon koyarwa ne. Ta ce ita ba ta san karatun da ake yi a duƙe ba.

Wata rana mai kawo mana ganye ta gaya mata cewa gonar da ake kai mu ta kawun Ustaz ce. Kaka ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

Alhamis ta gaba da hantsi muna tsugune tsakanin kunyoyin albasa, mu talatin da wani abu, muna cire ciyawa. Ustaz ya ce darasin shi ne bambanta shuka da ciyawa, kuma mako na uku ke nan muna wannan darasin. Na ɗaga kai sai ga Kaka a tsaye bakin gonar, mayafinta ya jiƙe da gumi. Kunya ta kama ni, na so ƙasa ta tsage in shige.

Ustaz ya taho da sauri ya gaishe ta. Ta amsa, ta dubi tarin ciyawar da muka yi, ta ce, "Ɗan nan, albasar nan wa zai ci?"

Ya fara bayani, rabi Larabci rabi ƴar Hausar da ya koya a wurinmu, a kan ƙasa da saiwa da yadda yaro ke riƙe abin da ya taɓa da hannunsa. Ta bar shi ya gama.

"Ni ma haka aka fara da ni," in ji ta. "Ina shekara bakwai aka ce in zo in ga yadda ake yi. Sai da na yi jika na bar gonar."

Ni kuwa na san idan ta kama hannuna ta tafi, an gama, sauran iyaye ma za su ɗebe nasu.

Ba ta kama ni ba. Ta taka zuwa ƙarshen gonar inda ba a shuka komai ba, ta ja layi da ƙafarta, ta zagaye wani ɗan fili. Ta ce a nan yaran za su koya, abin da ya fito su kai gidajensu, kuma kada ƙafar ko ɗaya ta sake shiga kunyar kawunsa. Ustaz ya ce ya amince, bai ma tsaya tunani ba, kuma wannan saurin nasa ma sai da ta zarge shi a kai.

Daga nan duk Alhamis tana zaune gindin wata bishiya tana gadinmu. Ta ce kallo kawai ta zo yi, amma ba ta iya jurewa ba. Idan Ustaz ya kira wani tsiro ciyawa, sai ta ɗaga murya ta ce wannan lalo ne, ana miya da shi. Ya riƙa rubuta abin da ta faɗa a littafinsa. Ba ta taɓa yi masa murmushi ba.

Da aka canja masa makaranta a ƙarshen shekara, na tambaye ta ko mutumin kirki ne. Ta ce, "Allah ne ya san zuciyarsa." Ni ma ban sani ba. Na san ya koya mana abin da ban manta ba, na kuma san a waɗancan makonni uku kawunsa bai ɗauki ɗan ƙwadago ko ɗaya ba.

Yanzu ni ce ke koyarwa, kuma ni ma nakan fitar da ɗalibaina waje. Iyayen yau ba sa biyo mu, ta waya suke tambaya, wasu ma ba sa tambayar. Duk da haka, kafin mu fita, nakan aika wa kowane gida in gaya musu ko ƙasar wa za mu taka.