Ƙaiƙayin Gero a Idon Dije

Ku da kuka kama aiki bana, ku zauna ku ji. Na tsufa a ɗakin ido na asibiti a Kankiya, kuma akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba.

Ga wanda bai sani ba, likitan ido daga Katsina yake zuwa lokaci-lokaci. Kullum nas ce ke duba mutane, Sista muke ce mata. Ni aikina shara, kiran layi, da riƙe kan mara lafiya idan za a duba shi. Ban yi boko ba, amma abin da ya wuce ta gabana ba ya ɓace mini. Mutane na cewa ina da faɗa. Ina da shi.

Da kaka ne, ana tsakiyar sussuka. Wani dattijo daga Dudunni, malamin Islamiyya mai noma, ya shigo riƙe da sandar da matarsa Dije ke bi. Ta rufe ido ɗaya da gefen mayafi. Tana shiƙar gero ne iska ta juya, ƙaiƙayi ya faɗa mata a ido.

Sista ta ɗiga mata ruwan nan mai launin ɗorawa, ta haska fitila shuɗiya. Ina riƙe da kanta na ga gyambo fari a tsakiyar baƙin ido.

"Baba, an sa mata wani abu?"

Malam ya yi murmushi, ya buɗe gafakarsa, ya fito da 'yar kwalba a naɗe cikin tsumma mai tsabta. "Naku ne ma, ɗiyata. Bara da idona ya yi ja kuka ba ni, na ji daɗinsa, na adana sauran. Da hannuna nake ɗiga mata, da bisimilla. Jan ya tafi kuwa."

A ƙauyukanmu haka ake yi: kwalba ɗaya ta zaga gida, ta ƙetara katanga. Sista ta karanta rubutun jikin kwalbar. Sannan ta ce maganin mai sitiroyid ne. Ta ce saman ido yana da masu gadinsa, a cikin hawaye da cikin fatar nan mai sheƙi. Jan ido da zafi alama ce masu gadin na faɗa da abin da ya shigo. Wannan magani kwantar da su yake yi. Idan su ne suka yi yawan hayaniya, kamar ciwon Malam na bara, ya yi daidai. Amma ƙaiƙayi ya yanki idon Dije, ya bar fumfuna a ciki, sai aka sa masu gadi barci.

Na riga na cika bakina da faɗa. Sai Malam ya juyo gare ni.

"Hajiya," ya ce mini a hankali, "ni na kashe mata ido ke nan?"

Dije ta riga ni. "Malam, wa ya ce ya mutu? Ga ni ina ganin rawaninka, a karkace kamar kullum."

Sista ta yi wa likita waya, ya faɗi sabon magani. Sai dai ba dare ba rana ake ɗigawa, in aka yi sake idon ya tafi. Malam ya ce a nemo wani, shi ba zai ƙara taɓa ta ba. Yaransu duk sun yi nisa.

Na karɓi tsohuwar kwalbar na jefa a kwandon shara. Na zuba masa ruwa da sabulu. "Malam, wanke. Maganin ne bai dace ba, hannun ba shi da laifi." Na nuna masa yadda zai ja fatar ƙasa, kada bakin kwalba ya taɓa ido. Ɗigon farko ya sauka a kumatu. Dije ta ce, "Kunne ya rage maka." Na biyu ya shiga.

Sun yi ta zuwa har sanyi ya wuce. Hakiya ta zauna, 'yar ƙarama, amma Dije na tsince tsakuwa a wake da idon nan.

Don haka duk wanda ya zo da jan ido, ku tambaye shi abin da aka sa masa a gida. Wanda aka ba maganin nan mai sitiroyid, ku ce ya dawo da kwalbar idan ya gama. In kuma kun gano wanda ya yi kuskuren, ku dube shi da kyau kafin ku buɗe baki. Sau da yawa shi kaɗai ne zai zauna da mara lafiyan har ya warke.