Ankon Cikin Abaya

Duk macen unguwar Mansur ta Makka da ta taɓa aurar da 'ya ta san ɗakin Saudatu mai ɗinki, saman shagon mai tsire, inda hayaƙi ke shiga ta taga ya kama atamfar mutane. Tana yarinya iyayenta suka taho da ita daga Chadi, ta Sudan, da niyyar su sauke farali su koma. Ba su koma ba. Ta girma a Makka, ta yi aure, ta binne miji, har yau igama ce, takardar zaman baƙi, a jakarta. Hannunta na da kyau, bakinta kuwa sai addu'a. Amma ba bakin ne abin tsoro ba. In ka taka Saudatu ta zage ka, ka tsira. In ta yi shiru ta ce ka gaida gida, to ka fara neman tsari.

Sana'arta anko. Dangin amarya da tasu atamfar, dangin ango da tasu. A titi kowa baƙar abaya, sai an shiga zauren mata an tuɓe ake gane wa ke bayan wa.

Aminiyarta guda ce, Rumasa'u. Tun suna 'yan mata suke dafa wa alhazai shinkafa tare. Rumasa'u ce ta yi mata hidimar jegon 'yarta Basma, ita kuma Saudatu ta goyi Haifa, autar Rumasa'u, har bayanta ya ƙage.

Sai wani saurayi, Talal, ya nemi auren Basma. Uwarsa Jawahir jikar Kanawa ce, amma 'yar ƙasa, irin waɗanda ba sa tuna Hausa sai ransu ya ɓaci. An sa rana, har Jawahir ta zo da ankon gidansu ta shimfiɗa a gadon Saudatu, kore mai zanen ruwan zinare, kowa ya yaba. Ana cikin shiri ta aiko cewa ta fasa, ɗanta ba zai ƙare ƙuruciyarsa a ofis-ofis yana neman izinin auren 'yar igama ba. Ta samo masa wata a unguwar Aziziyya. Ko atamfar ba ta canza ba, don rowa.

Ranar bikin Talal, bayan la'asar, Rumasa'u ta leƙo. Ta dafa kan Basma, ta tsine wa Jawahir tsinuwa mai kyau, ta ce ita Harami za ta, za ta kai ƙararsu gaban Ka'aba. Da za ta sauka bene sai ta ɗage abayarta don kada ta harɗe ta. Saudatu na tsaye a sama, ta ga koren nan mai ruwan zinare yana lilo a idon sawunta.

Daga baya ta ji dalili. Mijin Jawahir ya yi alkawarin sama wa ɗan Rumasa'u aiki a otal.

Basma, wadda ta yi karatun Turanci, ta ce, "Umma, Turawa ma suna da suna ga irinta, mai juya riga. An ce asali soja ne, in ya ga an fi ƙarfinsu sai ya juya rigarsa ya koma cikin abokan gaba."

"Shi ai namiji ne, a fili ya yi," in ji Saudatu. "Wannan ta zo har ɗakina da ita a jiki, ta sha shayina. Wallahi sai ta ɗanɗana. Khalas, shi ke nan, kar ki ƙara tada maganar."

Ba ta nuna komai ba. Ta ci gaba da gaisuwa, da aika dambu ranar Juma'a, da dariya in an yi abin dariya. Basma na ramewa a gabanta, ita kuwa tana rainon abin a ranta, ba ta gaggawa.

Da auren Haifa ya tashi, Rumasa'u ta hau benen da bandir ɗin atamfa shuɗiya, tana haki. "Yaya, ke ce uwar biki fa. Ke za ki riƙo hannun 'yarki ki shigo da ita." Haka suke yi a tsakaninsu, uwa ba ta fito da 'yarta da kanta, kunya ce, aminiya ke yi.

"Wa zai yi in ba ni ba?" Saudatu ta ce.

Ta ɗinke ankon tsaf, na kowa ya zauna masa, har nata ta ɗinka ta rataye inda Rumasa'u za ta gani.

A bikin Makka akwai 'yan kallo, matan da ba a gayyata ba. Sukan shigo a rufe, su zauna can baya, ba sa tuɓe abaya, ba mai tambayarsu daga ina. Ranar bikin Haifa, Saudatu ta wuce mai karɓar abaya a bakin ƙofa ko kallonta ba ta yi ba. Ta je ta zauna cikin 'yan kallo, ta buɗe fuska don kowa ya gane ta, ta harɗe hannu.

Kafin a zuba gahawa zance ya zagaye zauren. Kujerar uwar biki na nan wayam a gaba. Jawahir, da aka yi wa tanadin wuri mai kyau, ko aike ba ta yi ba. Rumasa'u ta ratso mutane, gumi ya ɓata mata kwalliya.

"Yaya, lafiya? Tashi ki tuɓe, amarya na jiranki."

"Mabruk, ya ukhti, ina taya murna, 'yar'uwa," Saudatu ta ce da ƙarfi, yadda na nesa zai ji. "Ni kallo na zo."

"Don Allah, eb ne, abin kunya, mutane na kallonmu."

"Su kalla. Ni abin da ke cikin abayata kayan gida ne, kowa na iya dubawa. Ke fa, ranar da kika ce Harami za ki, me ke cikin taki?"

Rumasa'u ta durƙusa a nan gaban 'yan kallo, ta kama gefen abayar Saudatu tana kuka, Saudatu ta janye ƙafarta. Daɗi ta ji, daɗi sosai, har cikin ƙashinta. Ta daɗe tana jiran wannan durƙuson.

Da ba wanda ya tashi, dole uwa ta je ta riƙo hannun 'yarta da kanta, mata na sunkuyar da kai. Guɗa ma ta fito a sanyaye. Suna isowa tsakiyar zaure Haifa ta zare hannunta, ta nufo baya da farar rigarta tana ja a ƙasa, ta tsaya gaban Saudatu.

"Khala, Innata, ni me na yi miki?"

Saudatu ta tanadi amsar duk abin da Rumasa'u za ta iya faɗa, amma ba ta tanadi ta wannan ba. Ta dubi yarinyar.

"Tambayi uwarki," ta ce, ta ƙara jan abayarta ta rufe ƙirji.