Injin Zarton Baba

Da masaƙar da Baba ya yi wa aikin kafinta a Kakuri ta rufe, abin da ya dawo da shi gida Narayi shi ne wani tsohon injin zarto. Irin wanda zarton ke rataye a jikin dogon hannun ƙarfe, kai ne za ka jawo shi ya ratsa katako, ya nufo ƙirjinka. Ya shekara da shekaru a bayan kicin, kaji suna kwana a kai.

Sai da hannun Baba ya fara rawa, har shayi yana zube masa a riga, sannan ya ce a tayar da injin, zai yi wa coci bencina.

Mama ta ja ni gefe. "Ka yi ta gyara, amma kada ka kuskura ka gama. Yatsun ubanka nake ji."

Haka Asabar ɗina ta mutu. In taso daga gidana a Gonin Gora, in jiƙa tsatsa da kananzir, in kankare, in cusa giris. Na sauya boris ɗin da zarton ke juyawa a kai, na kai motar injin aka sake naɗa mata waya. Baba na zaune a kujera yana ba da oda: "Ɗaure wancan notin. Kai, ba haka ba!" Duk ya tambayi saura me, sai in ƙirƙiro wani ciwon. Wallahi na gaji. Ƙarya ma aiki ce, ga ciwon baya.

Wata Asabar raina ya ɓaci, na ce yau dai a yi ta ta ƙare. Na daidaita teburin, na saita hannun ƙarfen da sukwaya, ma'aunin kusurwa, na ɗaura sabon zarto. Aka yi sa'a akwai wuta. Na kunna, na yanka guntun katako, ya fita sumul. Mama ta fito ƙofar kicin da ludayi a hannu, ko kallona ba ta yi ba.

Baba ya miƙe, ya kama mariƙin. Ina ganin ƙarfen yana kaɗawa tare da hannunsa. Ya daɗe a haka, zarton na ta juyawa. Sai ya saki, ya sa hannun a aljihu.

"Wannan ƙarar ba ta yi min ba," in ji shi. "Ba haka yake kuka ba a da. Kwance shi, mu sake dubawa."

Injin lafiyarsa ƙalau, ni da shi duk mun sani. Na kashe, na ce, "Gaskiya ne, Baba, ni ma na ji," na durƙusa na ɗauki sifana.