Daminar da Malam Ya Yi Goyo

Tun ina wankan jego a gidanmu a Zoza abu ɗaya ke cin raina: in na kwanta ciwo, wa zai ɗauki yaron nan? Lafiyata ƙalau a lokacin, ko ciwon kai ba na yi. Amma ni haka Allah Ya yi ni. Inna takan ce, "Kin fi kaza tsoro. Ita sai ta ga shirwa take kuka."

Da aka mai da ni ɗakina, a wani ƙauye kusa da Kurugu, shekara guda bayan yaƙin basasa ya ƙare, sai tsoron ya samu gindin zama. Mu uku ne manya a gidan: ni, Malam maigidana, da gwaggonsa da ta raine shi, wadda yanar ido ta rufe wa gani, sai da murya take gane mutum. Yaron kuwa ɗan fari ne, kowa kuma ya san kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Ni dole na ba shi nono, na goya shi. Malam kuwa da hannu biyu ya riƙe kunyar. In yaron ya rarrafo ya kama masa ƙafa, sai ya tsaya ƙiƙam, ya ɗaga kai sama ya ce, "Ke, zo ki ɗauke abin nan naki." Wata tara bai taɓa ɗaga shi daga ƙasa ba, ko da daga ni sai shi.

A jikin dangarmu akwai kuka, a kanta shamuwoyi biyu ke sheƙa. Gwaggo ta ce tun idonta na gani suke zuwa, duk shekara gab da ruwan farko, su gyara tsohuwar sheƙarsu su zauna.

Na ce, "Gwaggo, ta yaya aka san su ɗin ne dai?"

"Duba mini, ɗaya ba ta ɗingishi in ta sauka ƙasa?"

Na duba. Tana yi.

Daga ranar suka zama abin kallona. Ina daka ina kallonsu, ina tankaɗe ina kallonsu. Ɗaya ta kwanta kan ƙwai, can sai ɗayar ta sauko, su sunkuya wa juna, su kaɗa baki ƙas-ƙas, ta kwancen ta tashi ta tafi kiwo, wannan ta maye gurbinta. Da aka ƙyanƙyashe, ɗaya ta tsaya ta buɗe fiffike tana yi wa 'ya'yan inuwa, ɗayar ta tafi fadama ta ciko maƙogwaro da fara da kwaɗi, ta zo ta amayar musu. Sai su canza. Ban taɓa ganin sheƙar ba kowa ba. Na kuma yi iya ƙoƙarina in gane wanne ne namijin, na kasa, don aikinsu iri ɗaya ne.

Ana tsakiyar noman farko kurkunu ya fito mini a idon sawu. Ruwan tafki duk muke sha, rabin gari na kwance da shi. Aka naɗe kansa a tsinke, kullum a ɗan murza kaɗan, aka ja mini kunne kada in bari ya tsinke. Ƙafa ba ta takuwa. Malam ya ba masu zuwa kasuwar Karaye saƙo su kai Zoza, amsa ta dawo cewa Inna ma nata biyu ne, ɗaya a kowace ƙafa.

To ga yaro ya ƙware a rarrafe, ga tsohuwar rijiya da ba a shan ruwanta a tsakar gida, bakinta daidai da ƙasa, itace biyu kawai aka gitta. Na ce wa Malam a rufe ta. Ya ɗora tsohon asabari, ya tafi gona. Ni kuma sai na ɗaure yaron a ƙugu da majanyi, na ɗaura ɗaya bakin a jikin turmi, na zauna kusa ina gadi.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Zazzaɓi ya sa idona ya ɗan rufe. Ina buɗewa na ga majanyi a ƙasa, yaro ya zame, ya bi wani ɗan tsako, ya doshi asabarin nan. Na ƙwalla ihu. Gwaggo ta zabura daga ƙofar ɗakinta tana lalube, tana "Ina mijin nawa? Ina yake?", ta nufi rumbu. Ni ban san lokacin da na kifa da ciki ba, na ja jiki da gwiwar hannu. Na cafko dunduniyarsa hannunsa ɗaya na kan asabari, asabarin har ya lotsa. Sai da na rungume shi na duba ƙafata. Tsinken yana can baya, kurkunu ya tsinke.

Kafin azahar ƙafar ta yi suntum. Malam ya dawo, Gwaggo ta ba shi labari tana kuka. Ya yi salati, ya dubi rijiyar, ya dube ni. Yaron ya miƙa masa hannu yana ihu. Wallahi na ga hannun Malam ya motsa, sai ya mai da shi baya ya riƙe da ɗayan.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce, "Malam, ɗaga kanka ka dubi kukar nan."

"Me zan gani?"

"Wadda ke tsaye kan 'ya'yan, uwar ce ko uban?"

Ya ce, "Ina zan sani? Ni shamuwa ne?"

"Ni ma ban sani ba. Na dai san ko an harbe ɗaya yau, 'ya'yan ba za su kwana da yunwa ba. Nawa kuwa in ƙafar nan ta tafi da ni, a rijiya za ku same shi."

Gwaggo ta ce, "Kul! Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Shi ma maigidan naki, ubansa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunansa ba, ga shi ya girma."

Na ce, "Ai ke kina gani a lokacin, Gwaggo."

Malam ya juya ya fita. Ya je ya sassaro itace ya rufe rijiyar ruf. Na ce a raina shi ke nan, iyakar abin da zai yi ke nan, kuma gobe akwai murhu, akwai kunama.

Washegari ya saɓi fartanya, ya kai zaure, ya dawo. Ya tsaya a kaina yana kallon bango. Ya ce, "Ina zanen?"

"Wane zane?"

"Na... wanda kike sa shi a ciki."

Ya ɗauki yaron kamar an ba shi garwashi. Ya wurga shi a baya, ya yafa zanen, ya tattaro duka bakin huɗu ya ƙulle a ciki, ya ja da ƙarfi yadda ake ɗaure damin dawa. Yaron ya yi ƙara, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya na lilo.

Na ce, "Za ka kashe shi! Ba dami ba ne. Sunkuya. Buɗe masa ƙafafu su kama ƙugunka. Na sama a ƙirji ake soke shi, na ƙasa a ciki. To kawo majanyi ka tallafe ɗuwawun."

"Ba shi da inda zai tsaya a ƙirjin nawa."

Gwaggo ta fashe da dariya har da tari. Ta ce, "Ka ji lalacewa. An sace mini miji, kuma gardi ne ya sace shi."

Sau uku muna kwancewa kafin goyon ya zauna. Suna fita na jiyo mazan unguwa ta bayan danga.

"A'a! Malam, barka da arziki! Yaushe aka sauka?"

"An sauka lafiya? A dama miki kunun kanwa?"

Ya ce, "A dama, da yawa. Ku kawo gona."

Kada ku ɗauka hankalina ya kwanta. Ina kan tabarma ina lissafa rana, da maciji, da bakin fartanya, da kullin da bai iya ba. In shamuwa ta sauka a kuka sai in ce to, shi ma yanzu zai shigo. Yakan kuwa shigo sau biyu kafin azahar, ya durƙusa ya juya mini baya in kwance yaron in ba shi nono, bayan rigarsa sharkaf da gumi, wani lokacin da abin da ya fi gumi. Haka muka yi har aka gama maimai, wato noma na biyu, wanzami ya tsaga ƙafar, ta sace, na fara dogara sanda.

Ranar da na taka ba sanda Malam ya ninke zanen ya ajiye mini a bakin gado. Kunyarsa ta dawo, a gaban mutane ko kallon yaron ba ya yi. Ban damu ba, tunda na san ya iya.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan, ko aka karanta masa: in kana da jariri a gida, ko ɗan fari ne, ka sa uwarsa ta koya maka ɗaurin goyo tun tana kan ƙafafunta. A cikin ɗaki ma ya isa, ba sai kowa ya gani ba.